Wanda Ya Tsallake Danjar Sa'alaba

Gari bai gama wayewa ba aka tsinci Inna Luba yashe a bakin danjar unguwar Sa'alaba, gyaɗar da take kaiwa kasuwar Bab Makka ta watse har tsakiyar titi. Ƙugunta ya karye. Wanda ya kaɗe ta ya yi gaba abinsa. Kafin motar asibiti ta bar unguwar magana ta riga ta zagaye: farar ƙaramar bas ce, kuma guda ɗaya ce irinta a layin, ta Zaharadden mai kai yara makaranta.

Malam Rilwanu yana ƙofar benen da yake gadi Mubina, matar Zaharadden, ta iso tana haki. Mutumin Gure ne, ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun raƙuman sata, aikin hajji ya kawo shi Jidda ya zauna. A nan babu raƙuman da zai bi, sai ya koma nemo alhazan da suka ɓace da tsofaffin da suka manta hanyar gida. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, ko shayi a tsaye yake sha.

"Baba Rilwanu, ka zo ka taimake mu," in ji Mubina. "Za su kashe min miji da baki. Wallahi yana kwance kusa da ni har rana ta fito."

Ya ajiye kofin, ya bi ta.

Motar tana filin da ke jikin gidansu, fitilar dama ta tsage, gaban ya ɗan loɓa. Mutane sun yi mata zobe, sun tattake ƙasar wurin kaf. Rilwanu ya dubi ƙafafunsu ya yi tsaki. Zaharadden na tsaye, ƙaton mutum mai tumbi, gumi na zubo masa, waya a hannu yana nuna wa kowa saƙon da murur, wato 'yan sandan hanya, suka turo masa: kyamara ta ɗauki motarsa ta tsallake jar danja.

Tun da aka fara yi wa direbobi lissafin maki, kowane laifi da nauyinsa. Gudu da nasa, riƙe waya da nasa, tsallake danja kuwa yana cikin masu tsada. In makinka ya cika a cikin shekara sai a karɓe lasinka. Kowa a layin ya san makin Zaharadden ya kusa baki, don shi da kansa yake yawo yana kuka da abin. Saƙon yau ya cika shi.

"Mutum ya tara laifi har haka, sannan ya ce ba shi ba?" in ji wani.

"Kuma 'ya'yanmu yake ɗauka!"

"To in ba shi ba ne, ku dubi bakaniken nan na Kurayyat, Jabiru. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama, kuma motar ta kwana hannunsa wancan watan. A kira masa hukuma kawai."

A gefe, kan kujerar roba, surukin Zaharadden ne zaune, Alhaji Othman, mai gidan da suke zaune tare, siririn tsoho mai farin gemu, haɓarsa bisa sandarsa. Shekara arba'in ya yi yana jan motar alhazai tsakanin Jidda da Makka. Da idonsa ya fara rauni ya ajiye tuƙi, ya mayar da motar sunan mijin 'yarsa. A gabansa ake sulhun unguwa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ku bi a hankali, jama'a."

Rilwanu ya zagaya motar. Gefen direba ya matse da bangon gidan, inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki yake ɗigowa daga sama. Ya gwada shiga tsakanin, da ƙyar kafaɗarsa ta wuce, ya fasa. Ya waiwayo ya dubi tumbin Zaharadden.

*

A falo ya zaunar da mata da mijin.

"Haka ka saba ajiye ta, manne da bango?"

"Ni? Baba, dube ni mana. Ta ina zan fita?"

"Makulli nawa gare ta?"

"Biyu ne," in ji Mubina. "Ɗaya ya ɓace tun bayan ƙaramar salla. A nan bayan ƙofa yake rataye. Mun yi ta nema."

"Makin nan da ka tara, duk naka ne?"

Zaharadden ya share fuska da hularsa. "Na waya nawa ne, ba zan yi ƙarya ba. Amma akwai na shiga hanyar da aka hana, akwai wata danjar can wajen bakin teku. Duk da sassafe. Ni in na dawo daga masallacin asuba barci nake komawa har lokacin yara. Na je na yi ƙorafi, na ce wani ya kwafi lambata. Suka nuna min hoto, motata ce, har da tsagewar gilashin baya. Fuskar mai tuƙin ce ba ta fito ba."

"Ba ka taɓa lura an taɓa ta ba?"

"Mai yana raguwa. Na ɗauka yoyo take, shi ya sa na kai wa Jabiru."

Mubina ta katse shi. "Baba, ba maganar lasin ba ce kawai. A nan Sa'alaba aka haife shi, amma iƙama yake riƙe da ita, mu ne 'yan ƙasa, shi ba ɗan ƙasa ba ne. Kuma a kan aikin tuƙi aka ba shi. In aka ce ya kaɗe mutum ya gudu, gidan yari ne, daga nan a sa shi a jirgi. Kano ko a mafarki bai taɓa ganinta ba."

"Murur sun ce in kai kaina gobe da safe," in ji Zaharadden. "Motar kuma yau za su zo su ja ta."

Rilwanu ya riga ya miƙe.

*

Garejin yana can ƙarshen Kurayyat, bayan rumbunan kaya. Ya sami Jabiru yana cusa tufafinsa cikin buhun shinkafa. Matashi ne ramamme, da umara ya zo ya maƙale.

"An kira ni an gaya min," ya ce. "Ni ne ba ni da kowa, a kaina za a sauke."

"Ka yanka wa motar makulli?"

"In yanka in je ina? Ni da ko titin gaban nan ba na tsallakawa sai na duba gabas da yamma? Malam, zo ka gani."

Ya ja shi zuwa ƙofar garejin, ya nuna masa kwaɗo da sarƙa. Daga waje suke.

"Maigida ne yake kulle ni in ya tashi, wai don kada a kama ni a ci shi tara. Sai ya dawo da hantsi yake buɗewa. In gobara ta tashi, a nan zan ƙone."

Rilwanu ya duba taga, ƙarfe ne a gicce. Ya leƙa wurin mai shayin da ke kallon ƙofar, ya tambaye shi yaushe aka buɗe garejin yau. Mai shayin ya ce rana ta yi sama sosai, shi ma ya miƙa wa Jabiru shayi ta ƙarƙashin ƙofa kamar kullum.

"Sauke buhun nan," in ji Rilwanu. "In ka gudu ka amsa laifin. Bayan magariba ka zo gidan Alhaji Othman. Ni zan tsaya maka."

*

Saura Majid, autan Alhaji, wanda tuni aka karɓe nasa lasin saboda wasa da mota a titi. Shi ma siriri ne, kuma a gidan yake kwana. Rilwanu ya tashe shi daga barci a ɗakinsa na saman bene. Hannunsa na dama naɗe da bandeji.

"Me ya sami hannun?"

"Shughul, ya ammi. Aiki. Ƙarfe ya yanke ni a mina." Hausarsa a karye take, rabi Larabci.

"Yau da asuba kana ina?"

"A mina, wurin jiragen ruwa. Bas ɗin kamfani ya sauke ni, na sami mutane a kan mota. Ka tambayi kowa." Ya zauna sosai, ransa a ɓace. "Kullum Majid. Miftah, makullin mota, ya ɓace, Majid. Abuya, babana, da kansa ya ce ni na ɗauka, a gaban Mubina, ya zage ni. Wallahil azim ban taɓa ba. Kuma bas ɗin yara? Ni? Wannan ko ka taka ta har ƙasa ba ta gudu. Halas, shi ke nan, ku bar ni."

Rilwanu ya karɓi lambar direban bas ɗin kamfanin, ya kira shi tun yana kan matakala. Maganar Majid ta tabbata. Ya fito titi rana na dukan ƙeyarsa, iskar teku mai ɗanko ta manne masa riga a jiki. Mutum uku ake zargi, ukun sun fita. Wannan bai sanyaya masa rai ba, don murur ba ruwansu da faɗin tumbi. Sunan da ke kan mota shi za su riƙe.

*

A asibiti ya sami Inna Luba an ɗaure ta daga ƙugu zuwa gwiwa, jikarta Bashira na yi mata fifita. Tsohuwar ta gane shi.

"Mai bin sawu. Ka zo bin nawa? Ga shi nan an karya."

"Sannu, Inna. Kin ga mai motar?"

"Fitila ta kashe min ido. Ni dai na ga an ba masu ƙafa hannu, na shiga."

"Da gudu ya zo?"

"Gudu? Da da gudu ne ai da yanzu kuna zaman makokina. A hankali ta taho, kamar mai neman gida. Na ɗauka tsayawa za ta yi. Sai kawai ta ci gaba da tahowa har ta ture ni." Ta numfasa, ta cije leɓe. "Bayan na faɗi ya tsaya. Na ji injin yana aiki kusa da kaina. Na ce yanzu zai fito. Ina ta salati ina jira. Can sai ya ja, a hankali dai, kamar yadda ya zo."

Rilwanu ya fito yana juya maganar. Mai gudu ya san ya yi laifi. Wannan kuwa kamar bai ga danjar ba sam, bai ga matar ba.

*

Bayan la'asar motar murur ta zo ta ja bas ɗin. Rilwanu ya tsaya nesa har suka tafi, don shi ma ba ya son doguwar magana da masu kaki. Suna ɓacewa ya ruga, ya hana kowa matsowa.

Siririn wurin nan da ke jikin bango ne kaɗai ƙafar jama'a ba ta kai ba. Ruwan da ke ɗigowa ya jiƙa ƙasar, ta yi laushi kamar ƙullu. Ya durƙusa. Sawun mutum ɗaya ne, ya sauko daga ƙofar direba, ya bi jikin bango a karkace zuwa ƙofar gidan. Takalmi ne mai shafaffen dunduniya, irinsa dubu a Jidda. Takun gajeru ne, ƙafar hagu tana ɗan ja. A gefen kowane taku biyu kuma akwai ɗan rami zagayayye, faɗin bakin kofin shayi, da zobe a cikinsa. Na farkon ya fi zurfi, daidai inda mai fitowa ya dogara da dukan nauyinsa kafin ya sauke ƙafa.

Rilwanu ya daɗe a durƙushe. Ya so a ce idonsa ne ya yi ƙarya. Ranar da ya fara zuwa unguwar nan ba shi da wurin kwana, a zauren gidan nan aka shimfiɗa masa tabarma. Ya tashi ya nemo tsohon faranti, ya kife a kan ramin, ya ɗora dutse. Ya yi ta kai da kawowa a layin har aka kira magariba.

*

A zauren Alhaji Othman aka taru. Ga Zaharadden da Mubina, ga Majid ya jingina da ƙofa, ga Jabiru a takure a lungu, ga liman Abdulghani da dattawan layi biyu. Alhaji na kan kujerarsa, sanda a tsakanin gwiwoyi.

Rilwanu bai zauna ba. Ya faɗi abin da ya gano game da Jabiru, ya faɗi na Majid. Ya ce Zaharadden ba zai iya fita ta ƙofar da aka fita ba ko da an shafa masa mai. Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

"To wa ke nan?" in ji liman. "Aljani?"

"Mutum ne, Malam. Mutumin da yake iya ɗaukar makulli a bayan ƙofar gidan nan ba wanda zai tambaye shi. Wanda yake fita bayan sallar asuba, lokacin da titi ba kowa. Ba ya gudu. Hannunsa ya san mota, idonsa ne ba ya ganin danja." Ya rage murya. "Kuma ya bar sawu a jikin bango. Ƙafa biyu da sanda."

Mubina ta dubi mahaifinta, ta dubi sandar, ta kai hannu baki.

Zaharadden ne ya miƙe da sauri har ya ture tiren shayi.

"Ni ne," ya ce. "Baba Rilwanu, ka bar maganar nan. Ni na tuƙa. Ta ɗaya ƙofar na fita. Gobe zan je in gaya musu haka."

"Kai kuma ka ari sanda ka zagayo ka bi bango?" in ji Rilwanu.

"Na ce ni ne! Mutumin nan shi ya riƙe ni tun ubana ya rasu. Shi ya koya min tuƙi, ya ba ni 'yarsa, ya ba ni mota. Ba za a tsayar da shi gaban murur da furfurarsa ba."

"Za a kore ka daga ƙasar!" Mubina ta daka masa tsawa, hawaye na zuba. "Ni da yaran fa? Abuya, ka yi magana mana. Abuya!"

Alhaji Othman bai ɗago ba. "Sanduna nawa ne a Sa'alaba, Rilwanu?"

"Da yawa, Alhaji. Ramin yana nan, na kife shi da faranti. In ka yarda mu fita da fitila, ka sa taka a ciki. In ba ta zauna ba, zan durƙusa a gaban mutanen nan in nemi gafararka, in bar unguwar."

Tsohon ya juya sandar, ya kawo robar ƙasanta kusa da idonsa, ya shafa zoben da babban yatsa. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da makulli, ya ajiye a kan darduma.

"Zauna, Zaharadden," ya ce. "Ba sai an fita ba."

Majid ya faɗi wata kalma da Larabci, ya buga ƙofa ya fice.

"Na gaya muku na ajiye tuƙi don kaina," in ji Alhaji, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ba haka ba ne. Makina ne ya cika, ban ga alamu ba, ban ga danjoji ba. Suka karɓe lasin. Da na koma aka gwada idona, aka ce shi ke nan. Na ji kunyar faɗa. Ni da na kai alhazai Arfa shekara arba'in ban taɓa kaɗe ko mage ba. Na zauna a kujerar nan wata da watanni, har na ji kamar an binne ni. Sai na ce sau ɗaya, in je bakin teku in dawo. Sau ɗayan ya zama kullum."

"Kana ji ina kuka da makin nan, Baba," in ji Zaharadden a hankali.

"Ina ji."

"Kana zaune da safe ana cewa a kira wa yaron can hukuma," in ji Rilwanu, ya nuna Jabiru. "Wannan ma ka ji."

Alhaji ya juya wajen lungun, ko da yake da wuya in yana ganin fuskar da ke can. "Ka yafe min, ɗana."

Jabiru ya kawar da kai. Ya tashi ya sa takalminsa, don dole ya koma kafin maigidansa ya rufe ƙofa.

*

Washegari liman da Rilwanu suka raka Alhaji ofishin murur a tasi. Rilwanu a waje ya tsaya, yana zagaye tsakar wurin. An rubuta bayanin tsohon, aka sake shi a hannun liman saboda shekarunsa, zuwa ranar da za a kira shi gaban alƙali. Zaharadden sai da ya yi makonni yana zirga-zirga kafin a sauke masa makin da ba nasa ba. Kafin nan rabin iyayen yaran sun koma wurin wani direba.

Amma a ranar, daga ofishin, Alhaji ya ce a wuce da shi asibiti. Rilwanu ya kai shi har bakin gadon. Bashira ta ga ko wane ne, ta ajiye maficin ta koma bakin taga.

Ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi, bai rage komai ba. Inna Luba ta saurare shi tana kallon rufi. Tare suka taso a layi ɗaya, ta san shi tun yana yaron mota.

"Othman," ta ce, ba ta sa masa Alhaji ba. "Turewar ƙaddara ce, na yafe tun jiya, tun ban san kai ba ne. Amma ka tsaya a kaina. Ina salati, kana ji, ka san muryata. Ka ja mota ka tafi." Ta juyar da fuska bango. "Wannan ka ba ni lokaci."

Tsohon ya gyara riƙon sandarsa. Ya juya zai fita, ya nufi wajen da ba ƙofa ba. Rilwanu ya kama gwiwar hannunsa, ya juyo da shi, suka fita.